Karatun Toka a Ɗakin Iya

Ɗakin Iya shi ne na ƙarshe a gidanmu, dab da rumbunan dawa. Iya kakarmu ce, mahaifiyar Baba, 'yar gajeriyar tsohuwa mai kaifin baki, wadda ban taɓa ganin hannunta zaune haka kawai ba. In ba gurzar auduga take yi ba, to kaɗi take yi. Da an idar da sallar magariba an ci tuwo, sai ta tura itace biyu cikin murhun da ke tsakiyar ɗakinta, ta jawo mazarinta, mu kuma mu tarkato mu kewaye ta. Mu huɗu ne: Yaya Garba, da ni Binta, da ƙannenmu Talatu da Audu.

Wannan a farkon shekarun sittin ne, a wani ɗan ƙauye bayan Dayi. Ina da shekara biyar shan inna ta kama ni, ta tafi da ƙafata ta hagu. Na warke dai, amma da sanda nake tafiya, kuma ko zuwa rijiya sai na huta a hanya. Makarantar firamare kuwa tana can Dayi, tafiya ce mai nisa, ga rafi a tsakani in damina ta sauka. Da mai unguwa ya zo rubuta yaran da za a kai boko, wasu gidajen ɓoye 'ya'yansu suka riƙa yi. Ni kuwa fitowa na yi da sandata ina cewa a rubuta ni. Aka rubuta Yaya Garba, aka bar ni. Na yi kuka har muryata ta dushe. Baba ya ce, "Binta, wa zai goya ki kullum, zuwa da dawowa?" Ba mugunta ba ce, gaskiya ya faɗa, amma ranar ban ci tuwonsa ba.

Iya ce ta kafa dokar. Ita ko baƙi ɗaya na boko ba ta sani ba, amma ran da Yaya Garba ya fara zuwa makaranta, da muka taru da yamma muna jiran tatsuniya, sai ta ɗebi toka mai sanyi ta tankaɗe a kan wani tsohon faranti mai faɗi, ta shafe ta da tafin hannu, ta miƙa masa tsinke.

"Maigida," ta ce, don haka take tsokanarsa, "daga yau ba tatsuniya a ɗakin nan sai ka juye abin da ka ɗebo. Duk abin da malaminku ya zuba maka, ka zuba wa Binta a nan. In ka rage ko kaɗan zan sani."

Yadda za ta sani, Allah kaɗai ya sani, amma mun yarda za ta sani ɗin.

Haka makarantarmu ta buɗe. Yaya ya rubuta, in kwaikwaya, a shafe toka, a sake. Talatu da Audu, da yake ƙanana ne, Iya ta ba su ƙwayar auduga su riƙa jerawa goma-goma suna ƙirgawa, in Audu ya tsallake bakwai ta ɗan taɓa masa kai da mazari. Mahaifiyarmu takan zauna a bakin ƙofa tana ɓarar gyaɗa, wai ita ba ruwanta, amma sau nawa na ji ta tana rera baƙaƙen a hankali wajen daka. Iya kuwa ita ce mai duba makaranta. In Yaya ya yi sauri ta ce, "Koma baya, ban ji ba." In na yi kuskure shi take wa faɗa. Sai an gama duk wannan sannan ta gyara murya ta ce, "Ga ta nan tafe, ta sha hanya," mu kuma mu amsa, "Ta shigo ta huta."

To ni Allah ya ba ni kai mai saurin ɗauka, ya kuma haɗa mini da baki. Shi Yaya yini yake yana tafiya, ya dawo a gajiye, ranar da babu makaranta kuma yana gona. Ni kuwa ina gida, ba ni da aikin da ya wuce maimaita abin da ya koya mini, a ƙasa, a jikin bango, har a bayan ƙwarya. Kafin ya kai aji uku na fi shi saurin karatu. Na sani, ya sani, Iya ma ta sani, amma ba wanda ya faɗa.

Wata Juma'a bayan la'asar wani direban mota ya kawo wasiƙa daga Baffa Isa, ƙanen Baba da ke aiki a injin gurzar auduga a Funtuwa. Baba yana zaune a zaure da abokansa, sai ya kira ɗan bokonsa cikin alfahari ya miƙa masa. Ni kuma na kawo musu ruwa, na tsaya a bayan Yaya. Rubutun Baffa irin mai haɗe da juna ne, Yaya ya fara, ya cije, ya sake farawa, gumi ya keto masa. Sai kawai na leƙa ta kafaɗarsa na karanto layin da ƙarfi. Da na ga an juyo ana kallona, na zare takardar daga hannunsa na ƙarasa ta tas: matar Baffa ta haihu, suna ranar Alhamis.

Wani daga cikin dattawan ya ce wa Baba, "Malam Ado, ashe ba wanda ya kamata kuka tura makarantar ba." Aka kwashe da dariya. Da na yi shiru a nan, da ƙila abin ya wuce. Ina, daɗi ya ɗebe ni, na ƙara da cewa, "Ai kullum haka yake, sai na tsaya na jira shi."

Yaya ya miƙe. Ya ɗauki takalmansa ya fita ta ƙofar waje.

Da yamma bai zo ɗakin Iya ba. Muka zauna, Iya ta yi ta kaɗinta, ba karatu ba tatsuniya, don doka doka ce. Washegari ma haka. Talatu ta daina yi mini magana, Audu ya ce ni na kashe musu tatsuniya. Ni kuma na kafe a kan ai gaskiya na faɗa. Amma a dare na uku, da na shafe tokar da hannuna na ɗauki tsinke, sai na ga ba ni da wani sabon abin da zan rubuta. Duk abin da ke kaina shi ya kawo shi, kuma ba wata hanyar da wani zai shigo. Tsoro ya kama ni sosai, don na ga in Yaya bai dawo ba, karatuna ya tsaya ke nan a inda yake har in mutu.

A rana ta biyar Iya ta ce wa Audu, "Je ka kira mini maigidan nan nawa. Ka ce ba karatu ba ne, masara zai gasa mini, haƙorana ba sa son ta kowa sai tasa." Ya zo, fuska a murtuke, ya tsuguna a bakin murhu ya ba ni baya. Sai muka ji Iya ta karya dokarta da kanta, ta ce, "Ga ta nan tafe, ta sha hanya." Talatu da Audu kaɗai suka amsa.

Ta ce a zamanin da tsirrai ke magana, kabewa ta gaji da jan ciki a ƙasa. Awaki su taka ta, ruwa ya kwanta a kanta, ba ta ganin komai sai ƙafafun mutane. Ta roƙi tsamiya ta bar ta ta hau, tsamiya ta ce ba ta da lokaci. Ta roƙi kuka, kuka ta yi kamar ba ta ji ba. Sai wani siririn karan dawa ya ce, "Ni ba ƙarfi gare ni ba, amma zo ki kama." Kabewa ta naɗe shi, ta yi ta hawa har ta wuce kansa. Ta hango hanya, ta hango kasuwa, ta hango rafi. Tsuntsaye suka taru suna yaba mata, ita kuma ta ce musu, "Wannan da ke ƙarƙashina ko bayan danga ba ya gani." Kara ya ji, ransa ya ɓaci, ya girgiza ya watsar da ita. Ta koma cikin taɓo, 'ya'yanta suka fara ruɓewa ta gefe guda. Ba a jima ba iska mai ƙarfi ta taso, ta tarar da kara a tsaye shi kaɗai ba abin da ke riƙe da shi, ta kwantar da shi kusa da ita. Da safe mai gona ya zo ya same su duka biyu a ƙasa, ya riƙe haɓa ya ce, "Kai, ku biyun nan ba ku da wayo."

"Iyakarta ke nan," in ji Iya, "na jingine ta a bayan ƙofa."

Audu ya ce, "To Iya, wa ke da laifi?"

"Ni kaɗi nake yi, ba shari'a ba."

Ni dai tuni hawaye ya wanke mini fuska. A gidanmu ba mai zancen ƙafata, kowa kewayewa yake yi, sai ga Iya ta sa ni a tatsuniya ina jan ciki a gaban ƙannena. Na ji haushinta kamar in fasa farantin. Na ce, "Iya, ni ce kabewar ko?"

Ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce, "Ƙafarki ba ke kika yi ta ba, ba mai tuhumarki a kanta. Bakinki kuwa naki ne." Sannan ta juya wajen Yaya. "Kai kuma maigida, fushi kake don yarinya ta iya abin da aka koya mata? Wa ya koya mata, ni?" Yaya ya yi ta juya masarar nan har gefe ɗaya ya ƙone.

Washegari tun da la'asar na tankaɗe toka da kaina, sau biyu, na fere sabon tsinke. Da ya shigo na tura farantin gabansa na ce, "Yaya, ka yi haƙuri." Kalmomi huɗu ne, amma ban taɓa ɗaukar kaya mai nauyinsu ba. Ya daɗe yana kallon tokar. Can ya rubuta wani dogon lissafin rabawa da ban taɓa ganin irinsa ba, ya turo mini. Na juya shi, na sake juya shi, na rasa ta inda zan kama. Sai ya yi ɗan murmushi ya ce, "Yi a hankali, yau ni zan jira ki." Iya ta yi dariya har zarenta ya tsinke.

Daga nan bai ƙara fashi ba har ya gama aji bakwai. Ni kuma na yi aure a Malumfashi, na shiga ajin manya don in sami takarda, daga baya na yi shekaru ina bin gidaje ina koya wa matan aure karatu. Iya ta riga mu gidan gaskiya tun kafin ta ga haka, Allah ya jiƙanta. Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar kabewa a matsayin maganin tsaurin bakina kawai, har nakan ba wa ɗalibaina ita in na ga wata ta fara ɗaga kai.

Sai da muka tsufa na ji sauran labarin. Na je duba Yaya a ƙauye yana fama da ciwon gwiwa, muna zaune a inuwa ina tsokanarsa a kan wasiƙar Baffa. Sai ya ce, "Ke Binta, ni fa ban taɓa son bokon nan ba, ko na kwana ɗaya. Gona nake so. A makon nan da kika kunyata ni na sami Baba na ce na bar makaranta, ya kuma yarda, don yana neman hannu a gonar auduga. Bayan tatsuniyar, da kuka fita, Iya ta riƙe ni. Ta ce, 'In ka fita, mutum biyu ka fitar. Kai kana da gona, ita me gare ta?' Shi ke nan na koma."

Shekara huɗu ya ƙara yana tsallaka rafin nan, yana shan bulalar makara, yana zaune a ajin da ba ya so, don kada farantin ya zauna ba komai. Bai taɓa faɗa mini ba, Iya ma ta tafi ba ta faɗa ba. Ni da ba a raba ni da magana, iyakar abin da na ce shi ne, "Yaya, na gode." Ya kawar da kai ya ce in daina ɓata masa hira, in miƙo masa furarsa.

Ni da nake ganin kaifin kaina ne ya kai ni inda na kai, ashe ban ma san rabin abin da aka yi domina ba. Kullum ina sa su biyun a addu'a, ita da shi. Yanzu in wani ya yaba mini, ya ce na yi ƙoƙari da na iya karatu ba tare da na je makaranta ba, sai in gyara masa zancen. Na je. Shekara bakwai ina zuwa kullum, da ƙafafun Yaya Garba.