Rigar da Na Ɗinka wa Kwamfutar Zumunta

Shekara ashirin da biyu na yi a tsaye kan injin niƙa a bakin kasuwar Zuru, kuma babban abin da injin ya koya mini shi ne, in muryar inji ta sauya, ciwo ne. Inji mai lafiya murya ɗaya gare shi daga safe har yamma. Da ka ji ya fara hawa yana sauka, to ko bel ya saki, ko ruwa ya shiga mai, ko tsakuwa ta biyo dawa. Ko ina can nesa ina ciniki nakan ji, in ce a kashe. Kunnena bai taɓa ba ni kunya ba, shi ya sa na yarda da shi fiye da bakin mutane.

Karatu kuwa sai da furfura ta fara leƙo mini na same shi. Mijina soja ne. Duk wasiƙar da ya aiko sai na kai wa wani ya karanta mini, ya riga ni jin sirrin gidana. Bayan rasuwarsa na shiga ajin yaƙi da jahilci, na zauna benci ɗaya da matan da na yi wa wankan jego. Daga nan na zarce ajin kwamfuta, inda malamar takan kama yatsuna da suka saba da bakin buhu tana ɗora su kan haruffa ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo zaɓen sakatariyar zumuntar mata a majami'armu, ba wadda ta tsayar da ni. Ni na miƙe na tsayar da kaina.

A shekarar ce wani ɗan ikilisiyarmu da ke aiki a birni ya aiko wa zumunta da kwamfuta, irin ta kan tebur, baƙin akwati daban, gilashi daban. Aka ajiye ta a ɗan ɗakin da ke bayan majami'a, mai rufin kwano da taga guda, aka ja mata wuta daga solar majami'a, aka damƙa mini makulli. Shugaban dattawa bai so haka ba. Tsohon hedimasta ne, bai taɓa mantawa ba cewa ya san ni lokacin da nake dangwala yatsa a takarda. Ya faɗa a gaban kwamiti cewa hannun da ya saba da injin niƙa zai niƙe kwamfutar nan kafin shekara. Na ce masa to mu zuba mu gani.

A gidajenmu, abin da kake girmamawa ba ka barin sa tsirara. Keken ɗinki da rigarsa, talabijin da mayafinta, rediyon mijina ma cikin riga ya yi rayuwarsa har ya daina magana. To yaya zan bar kayan zumunta haka nan? Na ɗauki zanen zumunta sabo fil, na ninka biyu, na sa soso a tsakani, na ɗinka wa akwatin riga cif-cif da jikinsa. Na bar ƙofa ɗaya a gaba wurin maɓallin kunnawa, na tsaga baya kaɗan don wayoyi. Mata suka yi ta shigowa kallo. Matar fasto ta ce ko amarya ba ta samun irin wannan gata.

Lokacin sanyi ne, komai ya tafi daidai. Sai bazara ta kama. Wanda ya san Zuru ya san yadda duwatsun nan ke shan rana su amayo mana ita. Da safe in na kunna kwamfutar, sai ɗan numfashi kamar na jariri mai barci. Rana na ɗagawa sai murya ta fara hawa. Kafin ƙarfe biyu tana gurnani kamar babur a kan tudu. In na bar ta ta huta ta sauko, in na koma aiki ta sake ɗauka. Na san wannan waƙar tun daga bakin kasuwa. Na ce a raina fankar ciki ce ke mutuwa. Ban gaya wa kowa ba. Abin da na yi shi ne na ƙara gyara mata rigar, na ja zaren bakin ya tsuke sosai, yadda ake lulluɓe mara lafiya.

Ana saura mako biyu babban taron zumunta, wanda mata za su zo daga Dabai da Mahuta har da Sakaba, ina buga tsarin taro da waƙoƙin da za a raba. Ranar Alhamis ce da tsakar rana. Shugaban dattawa ya shigo neman wata takarda, ya tarar da akwatin yana ihu. Yana tsaye a kaina gilashin ya yi baƙi, ihun ya ɗauke ɗif. Ga wuta a bango, amma kwamfuta ta mutu. Bai ɗaga murya ba, wanda ya fi mini ciwo. Ya ce ranar Lahadi bayan sujada kwamiti zai zauna, in zo da makullin.

Washegari na naɗa gammo, na ɗora akwatin a ka da rigarsa, na nufi shagon wani tsohon soja da ke gyaran rediyo da kwamfuta a hanyar tasha. Sashen sadarwa ya yi a soja, bariki ɗaya da mijina, kowa Saja yake ce masa. Yana hango ni ya fara dariya.

"Matar oga, tuwon biki kika kawo mini, ko amarya ce aka rako?"

Na ce ba wasa ya kawo ni ba. Na sauke, na gaya masa fanka ta lalace, ya cire ta ya sa sabuwa, in kuma babu sabuwa ya ɗaure wannan ta tsaya a murya ɗaya kamar kowane injin kirki. Ya zagaya akwatin yana shafa ɗinkin, ya yaba ƙarfin zaren, sannan ya tambaye ni ko da rigar nake kunna ta. Na ce da mene ne zan kunna ta, tsirara?

Ya tuɓe rigar a hankali, ya ninke ta, ya kwance gefen akwatin. Ranar na fara ganin cikin kwamfuta. Wani faffaɗan allo ne kore, da layuka sirara kamar kunyoyin gona in ka hango su daga kan dutse. Ya ce masu gyara madabod suke kiransa, duk abin da ke cikin akwatin a jikinsa yake rataye. A tsakiya akwai wani ƙarfe mai haƙora kamar mashaci, fanka zaune a kansa. Ya ce ƙwaƙwalwar tana ƙarƙashin ƙarfen nan, ba ta fi kan kwalba girma sosai ba, amma in tana aiki zafinta ya isa ya ƙona yatsa. Ƙarfen na zuƙe zafin, fanka na kore shi, ƙananan ramukan da ke jikin akwatin kuma ta nan iska ke shiga da fita. Ramukan da na bi ɗaya bayan ɗaya na rufe da soso.

Sai ya nuna mini wayoyi huɗu sirara da suka fito daga fankar suka shiga allon. Biyu abinci ne, in ji shi, wuta suke kai mata. Ta uku rahoto take kaiwa, tana gaya wa allon sau nawa fanka ke juyawa. Ta huɗu kuwa oda take kawowa. A cikin ƙwaƙwalwar akwai ma'aunin zafi da ba ya gyangyaɗi. Allon na duba shi ba dare ba rana, in zafi ya hau ya ce wa fanka ƙara gudu, in ya sauka ya ce sassauta.

Na ce wannan zancen sojoji ne, ni sai na gani da idona. Ya ce dama ya san matar wa yake magana da ita. Ya haɗa akwatin da gilashinsa, ya kunna, ta tashi lafiya lau kamar ba ita ce ta mutu jiya ba. Ya danna wani maɓalli tun kafin ta gama farkawa, sai ga wani shafi da ban taɓa gani ba. Ya sa yatsa ya ce in karanta da kaina, tunda yanzu na iya. Lamba ɗaya ta zafi ce, tana kan arba'in da ɗaya. Ɗayar ta gudun fanka ce. A gefe an zana wani layi da ya kwanta kaɗan sannan ya miƙe sama kamar hanyar hawa dutse, ya ce wannan layin shi ne dokar: kowane zafi da gudunsa.

Ya mayar da murfin, ya miƙo mini rigar ya ce in sa mata da hannuna, yadda na saba. Na sa, na ja zare. Muka zauna. Ya kawo mini ruwa a kofi. Ina kallo arba'in da ɗaya ta zama hamsin, ta zama sittin. Kuma duk hawan da lambar ta yi, ta biyun na biye da ita, murya na tashi daidai da su, ba gaggawa ba jinkiri. Da na zare rigar, ba a daɗe ba lambar ta fara gangarowa, fankar ta bi ta a baya tana sauke murya taki-taki har ta koma numfashin jaririn nan.

Injin niƙana da na yi wa bauta shekara ashirin da biyu bai taɓa sanin yana da zafi ba. Sai dai ni in taɓa, in ji, in zuba ruwa. In na yi sakaci ya ci kansa yana waƙarsa. Ga wani ɗan abu da bai kai faifai ba, yana jin jikinsa, yana auna ƙoƙarinsa, ba ya ɓata ƙarfi da safe don burge kowa, in rana ta yi kuma ba ya ɓoye ko kaɗan. Ban san mutanen da suka zauna suka tsara wannan ba, ba zan taɓa ganinsu ba, amma na sara musu. Sun san aiki, sun kuma san rana.

Duk da haka na tambaye shi ko ba za a iya barin ta a gudun ƙarshe kullum ba, hankali ya kwanta. Ya ce ana iyawa, danna biyu ne. Amma sojan da aka sa shi gudu tun faretin safe har faɗuwar rana ba ya kai ritaya.

"Kuma matar oga, da murya ɗaya gare ta, wa zai gaya miki tana shaƙewa? Wata biyu tana kiran ki. Da ta ga ba ki amsa ba, allon ya kashe komai don kada ƙwaƙwalwa ta ƙone. Ba mutuwa ta yi ba, ceton kanta ta yi."

Ya goge tsohon man da ke tsakanin ƙarfen da ƙwaƙwalwar, ya shafa sabo, fari kamar man goge baki. Na gaya masa zancen makulli. Ya ce zai rubuta wa kwamiti takarda cewa zafin bazara ne, ya duba, ba abin da ya lalace. Ba ƙarya a ciki, kuma ba sai an ambaci riga ba. Na gode masa, domin don mijina ya yi. Amma na ce a'a. Ban yi shekara huɗu a kan bencin yaƙi da jahilci don wani ya sake rubuta magana a madadina ba.

Ranar Lahadi bayan sujada kwamiti ya cika ɗan ɗakin, rana tsaka, kwano na ƙara. Na ajiye makullin a kan tebur inda kowa zai gan shi. Na ce kwamfuta lafiyarta ƙalau, aikin taro yana ciki ba abin da ya ɓata, amma laifin da aka yi ni na yi shi, ga shi kuwa a hannuna. Na ɗaga rigar. Na buɗe shafin da Saja ya koya mini, na karanta musu lambar, na sa rigar, na ce kowa ya kasa kunne. Shugaban dattawa ya sa tabarau ya matso. Da murya ta fara hawa ya duƙa har kunnensa na taɓa zanen. Na zare rigar, muka tsaya muna jin tana saukowa. Na bayyana musu wayoyi huɗun nan, da wadda ke kai rahoto da wadda ke kawo oda, ban tsallake ko ɗaya ba.

Matar fasto ce ta fara magana. Ta ce in dai rufe kaya laifi ne, to a karɓi makullin kowace mace a majami'ar nan, ita ma da tawul take rufe na'urar talabijin ɗinta tana aiki. Wani dattijo ya ce ai shi ya san gidan da aka ɗinka wa sitabilaiza hula. Aka yi dariya, kowa na satar kallon shugaban, shi kuwa bai yi ba. Ya ce in sake sa rigar yana so ya ƙara gani. Na sake. Ya bi lambar da yatsa har ta kai inda ta kai, kamar yana duba jarrabawa.

Da ya miƙe ya cire tabarau, bai dube ni ba, bangon ya duba.

"Ɗakin nan yana bukatar taga ta biyu. Sakatariya, ki rubuta a ajandar wata mai zuwa."

Na ɗauki biro na rubuta. Sannan na ɗauki makullin na ɗaure a bakin zanena, ba wanda ya hana ni.

Na gama takardun taro da kwana huɗu a gaba, ina bugawa da sanyin safiya. Rigar kuwa na farke ta na mayar da ita matashi, a kanta nake zama in ina aiki, soson bai yi asara ba. An fasa bango an sa tagar kafin damina. Har yau in bazara ta yi, wajen ƙarfe ɗaya nakan ji fankar ta fara ɗaga murya, sai in tsayar da yatsuna kaɗan in saurara, in leƙa bayan akwatin ko wata ta jingina masa littafin waƙa. In ba komai, in ce wa fankar na ji, in ci gaba da bugu.