Liyarin Kaka Hajjo

Ranar wata Juma'a ce, a kakar shekarar da na shiga aji huɗu. Na dawo daga roron gyaɗa na tarar kakata Hajjo ta shimfiɗa zane a gindin durumin gidanmu na Tsiga, ta juye gwangwanin tsofaffin kuɗinta a kai. Ga anini, ga kwabo mai huji, ga kuma manyan kuɗin azurfa guda uku masu hoton wata Baturiya, waɗanda ake kira liyari. Aikina ne in goge su da toka da lemun tsami, ita kuwa tana kaɗin auduga tana gaya mini hannun da kowanne ya fito.

Rannan muka yi baƙo, wani Alhaji daga Funtuwa mai tara irin waɗannan kuɗi. Ya ɗauki liyari ɗaya ya jujjuya, ya ƙwanƙwasa shi a dutsen niƙa ya saurara, sannan ya ce, "Iya, wannan bugun baya ne. Shekarar da ke jikinsa tsohuwa ce, amma sake buga shi aka yi. Duk da haka ina so." Kaka ta karɓe abinta ta ce, "Alhaji, ni ban san shekara ba. A wuyan uwata na san shi."

Ni dai abin da ya shiga kaina shi ne, mutum ya taso tun daga Funtuwa saboda kayanmu. Ranar Litinin na ƙulle liyarin a gefen ɗankwalina, na tafi makaranta in yi fankama. Aka yi ta karɓa hannu da hannu. Da aka fita tara muka shiga gaɗa, sai da aka tashi na shafa na ji wayam. Ni da ƙawata Lantana muka tone filin nan da tsinke har la'asar, ba mu gan shi ba.

Na faɗa wa Kaka ina kuka. Ba ta dake ni ba, ko faɗa ba ta yi ba. Ta daɗe tana kallon biyun da suka rage, ta rufe gwangwanin, ta ce, "Je ki ci tuwo."

Yanzu ni ma tarawa nake yi. Duk sanda na je ganin gida sai na zaga wurin maƙeran azurfa a Funtuwa da Malumfashi, har na fara gane bambancin wani bugu da wani. Shekara biyu bayan rasuwarta na sami mai kama da nata sak. Na saya, na tsaya a bakin kasuwa riƙe da shi, ban san wa zan kai wa ba.