Sulallan Aljihun Mutane

Yayata ta yi shekara talatin da ɗoriya tana wanki da guga, kuma in aka tambaye ni abin da ta tara a sana'ar, zan ce ciwon baya da sulalla. Ciwon bayan nata ne. Sulallan kuwa har gobe ba ta yarda nata ba ne.

Ni ce ƙanwarta, bango ɗaya ya raba ɗakina da nata, saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, gani na yi. Duk layinmu Mai Wanki ake ce mata. Mijinta ya rasu tun 'yarsu tilo tana firamare, kuma da robar wanki uku da dutsen guga ɗaya ta rene ta har ta girma ta yi aure. Ba ta da yawan magana, ba ta da yawan dariya. In ta miƙe daga kan kujerar wanki sai ta dafa ƙugu ta tsaya jim, kafin bayan ya yarda ya miƙe tare da ita.

Ƙa'idarta ɗaya ce: tufa ba ta taɓa ruwa sai an lalube aljihunta. Abin da ta gani a aljihun mutane kuwa Allah kaɗai ya san iyakarsa. Makulli, biro, tikitin mota, ƙwayar magani, har da takardar da bai kamata matar gida ta gani ba. Kuɗin takarda takan ninke ta ɗora saman kayan da ta goge, ta mayar wa mai shi. Sulalla ne matsalar. In ta miƙa sai a yi dariya a ce, "Haba Mai Wanki, wannan ma sai kin dawo da shi? Bar shi kawai." Ita kuma a ganinta ba kyauta aka yi mata ba, kunya ce ta hana su karɓa, kuma wata rana wani zai iya tambaya. Sai ta ajiye. Ko da ta so kashewa ma, mai shagon bakin layi ɓata rai yake in ya ga an zube masa tsaba a kan tebur.

Haka suka yi ta taruwa. Gwangwanin madara ya cika, kofin da hannunsa ya karye ya cika, suka malala bakin taga, kwalin sabulu, ƙarƙashin katifa, cikin tsohon takalmin marigayi. Na sha tsokanarta. Na ce, "Yaya, ɓarawo in ya shigo ɗakin nan sai ya ɗauko baro, ya gama wahalar kwasa ya ga ko kuɗin hayar baron bai fita ba." Sai ta harare ni ta ci gaba da murza kwalar riga.

Sai aka yi mata jika. 'Yarta tana aiki a kamfanin ɗinka buhu, in ta fita bakwai na safe ba ta dawowa sai shida, mijin kuma direban tifa ne, ba ya zama. Tun yarinyar tana wata bakwai ake kawo ta wurin Yaya kullum da safe. Muka sa mata Kurciya, don da ta fara rarrafe komai ta gani a ƙasa sai ta tsinta. Ban taɓa ganin yayata cikin farin ciki irin na lokacin nan ba. Matar da sai ta wuni ba ta ce uffan ba, sai ga ta tana hira da jaririya. Takan shimfiɗa mata tabarma a inuwa daidai gabanta, tana wanki tana ba ta labarin masu kayan. "Kin ga wannan, ƙawata? Wai shi babban mutum ne a ofis, dubi hammatar rigarsa."

Wata safiya ta ga Kurciya ta dunƙule hannu ta ƙi buɗewa. Da ta ɓanɓare yatsun sai ga sule, har ya jiƙe da yawu. Ranar ba a yi wanki ba. Muka juye ɗakin nan kaf, muka ɗaga katifa, muka ja gado, muka zazzage takalma. Duk abin da muka samu ta zuba a tsohuwar jarkar mai, ta murɗe murfin, ta naɗe shi da roba, muka kama mu biyu muna nishi muka ɗora saman kabad. Ba a yi awa ɗaya ba ta ce mu sauke, wai in ta faɗo wa yarinyar fa? Ƙarshenta jarkar ta koma ɗakina, aka sa wa ƙofata kwaɗo, aka ce in ban yarda ba in yi ƙara.

Daga nan hutu ya ƙare mata, da ma can ba wani hutu take da shi ba. Shara sau uku a rana. Kafin a kawo yarinyar sai ta durƙusa da gwiwoyi da hannuwa, mace mai kusan sittin, ta bi ɗakin da rarrafe, wai sai ka sauko daidai idon yaro za ka ga abin da yake gani. Ta ɗinka wa kanta ɗan aljihu mai zif a ƙugu, don duk sulen da ya fito daga kayan wanki ya wuce can kai tsaye. Baƙo in ya tashi daga kujera, tun bai kai ƙofa ba tana cusa hannu a lungun kushin. Surukinta ma bai tsira ba. Ya saba in ya zo ɗaukar 'yarsa ya juye aljihu a kan tebur yana neman makulli, ta ce masa, "Ɗana, in za ka yi wannan zazzaga ka yi ta a waje." Ni har haushi abin ya fara ba ni. Na ce mata mu ma an rene mu, ba a yi wannan bautar ba. Ta ce, "Ku ba a ba ni amanarku ba."

Wajen shekara guda tana wannan fama. Da yamma in an ɗauki yarinyar, sai ta zauna a bakin gado ta kasa ko cire ɗankwali.

Ranar da abin ya faru Litinin ce, kayan makaranta sun taru, Kurciya tana da shekara ɗaya da wata takwas. Ina tsakar gida ina wanke-wanke na ji wani irin tari. Na juyo na ga idon yarinyar ya cika da ruwa, ta yi shiru na ɗan lokacin da ba zan so in sake gani ba, sannan ta fasa kuka. Yaya ta ce, "Ta haɗiye. Na ga ƙyallinsa." Na zabura zan zura mata yatsa a maƙogwaro, Yaya ta doke hannuna. "Za ki ƙara tura shi ne! Tana numfashi, bar ta." Ta saɓa ta a kafaɗa ta fita da kumfa har gwiwar hannu, ni na biyo ta da takalmanta.

A asibiti aka yi hoto. Likitar ta ɗaga shi ta nuna mana, ga shi nan fari fat, a kewaye, a cikin ɗan cikin nan. Ta ce mun yi sa'a ya wuce maƙogwaro, mun kuma yi sa'a sule ne ba ɗan batirin agogo ba, don shi wannan ba ya jira. Ta ce kar a sa ta amai, kar a ba ta wani maganin wanke ciki, a bar ta ta ci abincinta yadda ta saba, a riƙa duba bayan gidanta. In ta fara amai, ko ciwon ciki, ko ta ƙi cin abinci, a dawo da gudu.

Kwana huɗu yayata tana tsugune gaban fo da tsinke. Ba ta yarda kowa ya taya ta ba, har uwar yarinyar. Ran na huɗu da hantsi na ji ta ce, "Alhamdulillahi," a hankali. Ta wanke sulen da sabulu har sau uku, sannan ta tsaya riƙe da shi a hannu, ta rasa inda za ta sa shi.

Saura tambayar da kowa yake haɗiyewa. Ran Asabar muna zaune duka a tsakar gida surukin ya yi ta, cikin ladabi, kansa a ƙasa. "Mama, wallahi ba zargi ba ne, mun ga irin ƙoƙarin da kike. Amma daga ina ta samo shi?" Yaya ta ce ba ta sani ba, ta share, ta duba, jarka tana kulle.

Kurciya ce ta ba da amsa. Ta taka zuwa tulin kayan da ba a wanke ba, ta jawo wani wando, ta tsinci murfin kwalba a gefe ta maƙala shi tsakanin leɓɓanta. Sai ta riƙe wandon da hannu ɗaya, ta cusa ɗayan a aljihu tana lalube, tana ɗan gunguni ta hanci. Uwar yarinyar ta fizge murfin, sannan ta juyo ta dubi Yaya. Ni kuwa na san abin nan sarai. Shekara talatin ke nan ina ganinsa a wurin Yaya. Hannun hagu na riƙe da wando, na dama na cikin aljihu, in sule ya fito Yaya sai ta maƙale shi a leɓe har ta gama da sauran aljihunan, sannan ta sauke shi. In aka gaishe ta a lokacin, da hanci take amsawa. Ko da ta yi aljihu mai zif, sulen sai ya biya ta baki kafin ya shiga can. Ranar Litinin ɗin nan wani ya suɓuce ya gangara tabarma ke nan, yarinyar kuma ta riga ta san inda ake kai shi.

Yaya ta ce, "Ni? Ni nake sa kuɗi a baki?"

Na ce, "Ke, Yaya. Tun ina budurwa."

"To me ya sa ba ki taɓa faɗa mini ba?"

Abin da ido ya saba da shi ba ya ganinsa. Na taya ta jan gado, na taya ta ɗaukar jarka, ban taɓa cewa ta duba bakinta ba. Wannan laifin nawa ne, kuma yana ci na.

'Yar ta kawo maganar gidan renon yara da ke kusa da kamfaninsu. Yaya ta roƙi sati biyu. Ban taɓa ganin ta roƙi kowa komai ba, sai ga ta tana roƙon 'yar da ta haifa. Ta ce za ta daina sa sule a baki. Daina wankin ba zai yiwu ba, da shi take ci, da shi take biyan haya. Sai ta ɗaure bakinta da hankici in za ta lalube aljihu, zufa na zuba, masu kawo kaya na tambaya ko mura take. Ni kuma aka naɗa ni 'yar gadi. Da na ga hannunta ya nufi sama sai in ce, "Yaya, baki!" Sai ta zabura ta sauke.

Kwana tara aka yi lafiya. Ran na goma wani ya kawo kaya yana azalzala, wai tafiya ta kama shi, ta karɓa a gurguje ba ta ɗaura hankicin ba. Na fito daga ɗaki na same ta tana lalube, sule a leɓenta, Kurciya na zaune a gabanta ta ɗaga kai tana kallo, ɗan bakinta a buɗe. Fuskata kawai ta gani. Ta kai hannu ta cire shi, ta daɗe tana kallonsa a tafinta. Sabo turken wawa, in ji masu magana, amma yayata ba wawa ba ce, gajiya ce da shekaru suka kafa mata turken.

Da yamma 'yarta ta zo ɗaukar yarinyar, ba ta san abin da ya faru ba, ni kuma ba ni da niyyar faɗa. Yaya ce ta faɗa da bakinta. Ta riga ta haɗa 'yan kayan Kurciya a leda, kofinta da fo da tabarmar. Ta ce, "Ki kai ta can ran Litinin. Na iya tsare ɗaki, na iya tsare baƙi, ban iya tsare kaina ba."

'Yar ta ce, "Mama, a ƙara sati ɗaya mana."

Ta ce, "A'a. In kika ƙara roƙona, zan yarda."

Yanzu wata biyar ke nan. Ana kawo mata Kurciya ran Lahadi, ranar da ba ta wanki. Sauran ranakun kafin azahar ta gama aikinta, tsakar gidan ya yi tsit. Wajen ƙarfe uku sai ta ɗaure kayan da ta goge, ta ɗora a ka, ta ce mini za ta kai wa masu su. Tana bi ta layin gidan renon, daidai lokacin da ake fito da yara wasa, ta rage tafiya a jikin katangar da ta fi ta tsawo, inda ba ta ganin komai sai dai ta ji muryoyi. Na san masu ba ta wanki ɗaya bayan ɗaya. Babu ko mutum ɗaya a cikinsu da yake zaune a wannan layin.