Rijiyar Man Kawu Ilu

Duk wanda ya zauna unguwar Bani Malik ta Jidda a zamanin nan ya san Kawu Ilu ba ya shiga gidan mutum sai ya duƙa ya ɗebi ƙasa ya shinshina. Ko ta'aziyya ya je, sai ya shinshina tukun ya yi gaisuwa. Ya taɓa yi wa masu neman man fetur girki can Gabas, ya dawo Jidda da tabbacin akwai mai a ƙarƙashin gidanmu. Ni ɗan ƙanwarsa ne, a gidan nake da amaryata, ɗakinmu yana jikin katangar baya.

Ya ce can nakiya suke fasawa, su saurari yadda ƙasa ke amsawa. Mu ba mu da nakiya, sai turmi. Ya sa matarsa Inna Hawwa ta riƙa dakan turmi ba komai a ciki, shi kuma ya kwanta rub da ciki, ya kifa finjalin shayi a ƙasa, ya ɗora kunne.

"Malam, hannuna fa ya gaji."

"Yi shiru, Hawwa, ƙasa na magana!"

"Me ta ce?"

"Ta ce ki ƙara ƙarfi."

Ƙasar nan kuwa duk faɗin tsakar gida ba ta amsa ba sai a gindin katangata. Nan ya kafa diga.

Hankalina ya tashi. Na ce, "Kawu, in ba a sami man nan ba, katanga za ta faɗi a banza. In an samu, hukuma za ta karɓe gidan, don mai nata ne. Ta ina muka tsira?"

"Ya waladi, ɗana, kai ko a inuwa aka ajiye ka sai ka ce rana na zuwa. Saura kamu ɗaya!"

Maganarsa ke nan kullum. Rami ya kai gwiwa, saura kamu ɗaya. Ya shanye shi har rawani, sai dai a ji muryarsa daga ƙasa, saura kamu ɗaya. Ni kuwa na tokare katanga da itace, ina zuwa ina leƙa tsagar da ta yi. Da na ga yatsana yana shiga, na kwashe amarya da kayanta muka koma zaure. Unguwa ta yi ta mini dariya, har ita amaryar.

Ran nan da hantsi muka ji kabbara daga rami. Sai ga Kawu ya fito da baƙar ƙasa mai maiƙo, ya shafe gemunsa da ita. Mutumin da ke tafasa ganyen shayi har sai ya yi fari, ran nan ya ce, "Yalla, a kira unguwa, a sa sukari!"

Muna sha sai Usta Bala, bakaniken da ke bayan katangarmu, ya shinshina ƙasar. Ya ce, "Alhaji, wannan ai baƙin man motar da nake zubarwa ne."

Kawu bai ko girgiza ba. "Kai ka zuba. To, wa ya gano?"

Bai rufe baki ba katanga ta rufta cikin ramin, ta tafi da rabin ɗakina. Ƙura ta lafa. Kawu ya dubi inda gadonmu yake a da, ya juya ya dubi amaryata tsaye da butar shayi. Sannan ya ce, "Halas, shi ke nan. Tsoronka ya yi rana, ya waladi."

Da hannunsa ya sake gina mana ɗakin, bai kuma ƙara taɓa diga ba. Shinshina ƙasa dai bai bari ba har ya koma ga Allah.

Ranar da muka kai shi makabarta, mai haƙa kabari ya ɗago kai ya ce, "Ya isa haka?" Usta Bala ya ce a hankali, "Saura kamu ɗaya." Muka yi ta danne dariya, har ta koma mana kuka.

Allah ya jiƙan Kawu Ilu, ya yalwata masa ƙasar da ya kwanta a ciki, ya sa ya tarar da abin da ya fi wanda ya nema. Amin.