Kadidia Biyu a Littafin Malam Illiya

Shekara ashirin da shida Malam Illiya ya yi yana riƙe da rajistar marasa lafiya a wata likita, wato asibiti, ta Agadas. Siririn dattijo ne, mai kyan rubutu, ba ya son hayaniya. A gefen kowane suna yakan ƙara 'yar alama: "mai albasa", "jikar maƙeri", "mai tabo a goshi". Da haka yake gane mutanensa, domin rabin dattawan ƙasar nan ranar haihuwarsu ɗaya ce. Wanda aka haifa a daji ko a garka ba wanda ya rubuta ranar, sai a sa masa ɗaya ga watan ɗaya a takarda, a kintaci shekara.

Bara aka haɗa ordinatocin likitocin jihar, wato kwamfutocinsu, don rapor, rahoton kowane wata, ya riƙa tafiya Yamai kai tsaye. Allon ba shi da gurbin "mai albasa". Suna, sunan uba, ranar haihuwa, shi ke nan. Aka ba Malam Illiya kwana uku ya share maimaici: duk inda dosiye biyu, wato fayil ɗin marasa lafiya, suka zo iri ɗaya, ya haɗe su. Ya yi ta dannawa da yatsa guda har la'asar ta kwana na uku. Cikin waɗanda ya haɗe akwai Kadidia Inoussa biyu, dukansu ɗaya ga watan ɗaya, 1974.

Ɗaya 'yar garin Fashi ce, can ta rasu. Ɗayar ta Tabelot ce, matar mai garkar albasa, wata biyar ke nan tana jinyar tarin fuka irin wanda ya ƙi jin maganin farko. Nata maganin ba a ajiye shi a farmasi. Da sunanta ake aiko shi daga Yamai kowane wata, bisa abin da rapor ya faɗa.

Ran Litinin ta iso a kamyon, babbar motar ɗaukar albasa, ta zauna kan bencin ƙofarsa.

"Malam, ga mai albasarka. Har yanzu da yatsa ɗaya kake tsintar akwatin nan kamar kaza?"

"Ke dai zauna, Kadi. Yaya tarin?"

"Ya yi sauƙi. Har garka nake shiga yanzu."

Firdausi mai farmasi, wadda ke kiransa Tonton, wato kawu, ta leƙo, ta yi ƙasa da murya. "Tonton, kwalin maganinta bai zo ba. Na duba, décédée aka sa mata."

"Wa ya mutu? Ga ta can tana cin dabino."

"Ni ma na gan ta. Yamai ce ba ta gan ta ba."

Ya jawo tsohon littafinsa daga ƙarƙashin tebur. Ga "mai albasa". Can baya kuma ga ɗaya Kadidiar, wadda ta taɓa zuwa sau ɗaya, da rubutunsa a gefe: "ta Fashi, ayarin gishiri". Dukansu ya san su. Ya buga waya, aka ce raba dosiye sai da takarda mai sa hannun majo, shugaban likitar, sa'an nan a jira rapor na gaba.

Ya fito ya durƙusa gabanta. "Kadi, an rubuta kin mutu. Ni na rubuta."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "To a gaya wa maigida ya shimfiɗa tabarmar gaisuwa. Yaushe zan tashi?"

"Mako uku. Ki zauna gidana, iyalina na nan."

"Wa zai ba albasa ruwa, Malam?"

Da azahar kamyon ya koma da ita.

Mako uku ya zama wata biyu. Takardar farko ta dawo don babu hatimi. Ta biyu ta tafi, rezo, layin intanet, ya yanke, rapor ɗin watan ya wuce ba tare da gyaran ba. Kullum da safe, kafin ya cire hula, dosiyenta yake fara buɗewa. Ranar da kwalin ya iso, da kansa ya taka tasha ya ba direban Tabelot saƙo: a ce ta zo.

Mijinta Mourtala ne ya zo, da ƙaramin buhun albasa a kafaɗa. Ya ajiye shi a bakin ƙofa.

"Tun tana da rai ta ware maka wannan. Yau kwana takwas da rasuwarta. Tarin ya dawo da jini."

Malam Illiya ya yi salati, suka shafa fatiha tare. Bai iya duban fuskar mutumin ba. Bayan ya tafi, ya zauna gaban allon, ya buɗe dosiyen da ya yi wata biyu yana fafutukar rabawa, ya sa yatsansa ya danna décédée. Wannan karon rezo bai yanke ba.

Firdausi na tsaye a ƙofa, kwalin a hannunta. "Tonton, wannan fa?"

Shi kuwa tsohon littafinsa yake buɗewa, yana neman shafin "mai albasa".