Lambar da Ya Hana Ni Kwafa

Mai shagon kwamfuta na bakin layinmu a Gwallaga ya raina ni, kuma har yau ban yafe masa ba.

Na haura arba'in kafin na shiga ajin manya, ɗinki da safe, karatu da yamma. Da na kai ga jarrabawar gama sakandare aka ce ta intanet ake rajista, sai na je wurinsa. Ya cike komai ya danna. Shafin ya yi fari fat, sai wani dogon layi na haruffa da lambobi a cakuɗe. Na zaro biro.

"Tsaya in kwafa."

"Haba Hajiya, wannan ba irin karatunku na yamma ba ne. Surutun inji ne. Ya tafi." Ya rufe shafin yana dariya.

Sunaye suka fito babu nawa, saura kwana biyu a rufe rajista.

A ofishin jarrabawa aka tura ni wurin wata ma'aikaciya 'yar Kudu, Hausarta a karye, zancenta a miƙe. Ta ce duk saƙon da ya shigo babbar kwamfutarsu sai ta ba shi lamba tasa shi kaɗai, kamar yadda ake rubuta wa buhu a tasha. Da lambar za ta bi sawunsa ta ga inda ya maƙale.

"Mama, babu ita ina zan nemo naki cikin na duk jihar nan?"

Na faɗa mata abin da ya faru. Ta yi tsaki, ta ce kwamfutarsa tana ajiye jerin shafukan da aka buɗe, in bai goge ba wataƙila lambar tana nan.

Daga can ban biya gida ba, Keke ya sauke ni ƙofar shagonsa. Ko ɗago kai bai yi ba.

"Mutum nawa nake wa aiki a rana? Ki bari sai baɗi mana, karatun ai ba gudu yake ba."

Baɗi! Shi da aka kai makaranta yana jan majina, me ya sani game da baɗi? Idona kullum raguwa yake, zare ma da ƙyar nake zura shi a allura. Kuma abin da ya fi ƙona min rai, na gane shi ma bai san amfanin lambar ba. Jahilcinsa ya ɗora min, ya haɗa da dariya.

Washegari na riga shi isa. Yana buɗe ƙofa na wuce shi na zauna a kan kujerarsa.

"Kunna, malam. Buɗe min shafukan ranar Talata ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda za ka yi wa aiki yau kafin ni."