Ƙofar Tanderu da Na Buɗe

Shekara biyu ina zaune gida a unguwarmu ta Choggu bayan sakandare, sai na samu aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata malamar jami'a. Na ɗauka kwamfuta zan riƙa taɓawa. Turmi aka miƙo mini, ɗan ƙarami na dutse, da wani baƙin gari da zan yi ta niƙa tun safe har kafaɗata ta yi tsami.

Madam, haka muke kiranta, aikinta a kan wata na'ura ce mai mayar da iskar gas wutar lantarki. Garin nan da shi ake yin fuskar na'urar, inda iskar ke taɓawa, ita kuma tana neman haɗin da ya fi kyau. Sau uku ta yi mini bayani. Abin da na riƙe kawai: a niƙa, a matse ya zama kamar maɓallan riga, a gasa a tanderu, a jira. Jiran ne ke ci mini rai. Tanderun sai ya kwana yana hucewa da kansa.

Wata Juma'a muka gasa irin maɓallan nan guda goma sha biyu, aikin wata uku, waɗanda za a kai Kumasi a auna ranar Litinin. Madam za ta taro, ta ce in dawo Asabar mu kwashe. Asabar kuwa ita ce kaɗai ranar wankina. Uwata burodi take gasawa, kuma tun ina ƙarama na san in ana so tanderu ya huce, ƙofa ake buɗewa. Na buɗe, faɗin tafin hannu kawai, don in kwashe kafin in tashi.

Sai na ji ƙas, ƙas, a hankali, kamar ana ɓare gyaɗa.

Asabar ɗin dai sai da na zo. Madam ta jera su a kan farar takarda. Duk sun tsage, ban da ɗaya.

"Ke kika buɗe?"

"Ni ce, Madam. Haka muke yi a gida."

"Burodi kika ga na saka a ciki?"

Ba ta yi faɗa ba, ni kuwa da ma ta yi. Ta zauna, ta cire tabarau, ta daɗe tana murza ido. Sannan ta kira Kumasi ta ce su ba wani ranar awon da suka ajiye mata.

Ta turo mini turmin. "Wata uku. Kin san hanya."

Na gyara ɗaurin ɗankwali na fara niƙa. Wankina yana can gida, jiƙe a baho.